Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Wanke Hifnosis a Asibiti, Bai Wanke Shi a Kotu Ba

A shekarar 1997, Pierre Rainville da abokan aikinsa a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada sun wallafa sakamakon wani gwaji wanda, a ganina, ya fi duk cacar bakin da aka shafe shekara ɗari biyu ana yi a kan hifnosis amfani. Hifnosis shi ne a sa mutum ya natsu ya tattara hankalinsa wuri guda, har maganar da ake gaya masa ta riƙa sauya abin da yake ji. Sun kwantar da mutane a cikin na'urar PET, wadda ke nuna inda jini ya fi kwarara a ƙwaƙwalwa, suka sa kowannensu ya tsoma hannu a ruwan da zafinsa ya kai digiri 47 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan bai kai ya saluɓe fata ba, amma ya isa ya sa mutum ya ciji leɓe. Bayan an shigar da su yanayin hifnosis, sai a wani zagaye a gaya musu cewa zafin nan zai dame su matuƙa, a wani zagayen kuma a ce musu zafin yana nan amma ba zai dame su ba. Ruwan bai sauya ba, hannun ma shi ne dai, maganar da ke shiga kunnensu ce kaɗai ake juyawa. Da aka duba hotunan, sai aka tarar sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon taɓawa daga fata yana aikinsa kusan yadda ya saba, amma wani lungu da ke tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira singulet na gaba, aikinsa na hawa yana sauka daidai da yadda mutanen suka ce zafin ya dame su.

Manomin da fartanya ta sara a ƙafa ana tsakiyar gayya, bai lura da jinin ba sai da aka tashi, ya san cewa jin ciwo daban, damuwa da ciwo daban. Abin da masu binciken suka ƙara shi ne nuna cewa kowanne daga cikin biyun yana da mazauninsa a ƙwaƙwalwa, kuma magana tana iya taɓa ɗaya ta bar ɗaya. Shekara huɗu bayan haka, a 2001, wannan ƙungiya ta sauya kalaman, aka riƙa ce wa mutanen ƙarfin zafin kansa ne zai ƙaru ko ya ragu, sai sauyin ya bayyana a sashen karɓar saƙon fata, wanda a gwajin farko bai motsa ba.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ya ginu ne a kan bambanci guda. Hoton ƙwaƙwalwa yana iya ba da shaidar cewa mutumin da ke cikin hifnosis ba ƙarya yake yi ba game da abin da yake ji, amma ba shi da ikon tabbatar da cewa abin da yake ji ɗin ya dace da abin da ya faru a waje. A wurin ciwo wannan ya wadatar, domin ciwo ji ne, wanda ya ji sauƙi kuwa ya samu sauƙi. A wurin shaida a gaban alƙali, inda ake neman abin da ya auku a zahiri, wannan siffar ce kanta take mayar da hifnosis abin tsoro.

Kafin a kai can, sai an kawar da ƙurar da sunan kansa ya tayar. Masu karatun Larabci a cikinmu sun san shi da attanwimul magnaɗisi, wato sa mutum barci ta hanyar maganaɗisu, sunan da ya tattara kurakurai biyu na tarihi a cikin kalmomi biyu. Batun maganaɗisu daga Franz Mesmer ya fito, likitan nan Bajamushe da ya tare a birnin Faris a 1778 yana iƙirarin cewa akwai wani ruwa marar ganuwa da ke gudana a jikin halittu, wanda shi yake iya sarrafawa. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike wanda ya haɗa da masanan kimiyya Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. A lambun gidan Franklin, wani almajirin Mesmer ya ce ya sa wa bishiya guda ƙarfin maganaɗisun, aka rufe idon wani yaro ɗan shekara 12 aka riƙa kai shi gindin wasu bishiyoyin da ba a taɓa ba. Yaron ya yi ta jin abin yana ƙara ƙarfi har ya suma a gindin ta huɗu, alhali bai ko isa wadda aka yi wa aikin ba. Kwamitin ya yanke cewa babu wani ruwa, tunanin mutum ne ke yin aikin. Batun barci kuwa daga James Braid ne, likitan tiyata a Manchesta, wanda a farkon shekarun 1840 ya aro kalmar Girkanci mai nufin barci ya raɗa wa abin suna, daga baya kuma shi da kansa ya gane tattara hankali ne wuri guda. Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ta tabbatar da hakan, domin rubutun da take fitarwa daga mai hifnosis irin na mutumin da yake a farke ne.

A wurinmu kuma ana yawan haɗa shi da rufa-ido da siddabaru, kuma kwamitin dindindin na fatawa a Saudiyya ya taɓa haramta shi a matsayin wani nau'in bokanci da ake yi da taimakon aljani. Wanda ya karanta fatawar zai ga abin da ta siffanta shi ne mai sa wani ya fita hayyacinsa domin ya faɗi abin da ke ɓoye, kamar wurin da aka ajiye kayan sata. Hukunci na malamai ne, amma su ne suka koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci siffarsa, saboda haka wajibi ne a kai musu siffar abin da ake yi a asibiti yadda take. Ma'aikacin lafiya yana zaunar da majiyyaci, ya ce masa ya kafa ido a wuri guda ko ya lumshe, ya bi numfashinsa, ya sassauta gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya riƙa gaya masa a hankali cewa hannunsa yana yin sanyi, yana yin nauyi, kamar an tsoma shi a randa da asubar hunturu. Majiyyacin yana ji, yana iya amsawa, yana iya tashi ya tafi. Ba kowa ne ma abin ke kamawa ba. Tun 1959 aka samar da ma'auni a Jami'ar Stanford, kuma abin da aka daɗe ana samu shi ne kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na manya ne abin ke kamawa sosai, wasu kwatankwacinsu ba ya yi musu tasirin kirki, mafi yawa kuma suna tsakiya. Da aka sake gwada wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar bayan shekara 25, makin da suka samu bai yi nisa da na ƙuruciyarsu ba. Wannan ya nuna cewa baiwar tana wurin wanda ake yi wa, fiye da wurin mai yi.

Zargin da ya fi daɗewa a kan hifnosis a tsakanin masana shi ne cewa mutane suna faranta wa mai gwaji rai ne kawai, suna faɗin abin da suka ga ana so su faɗa. A nan ne hoton ƙwaƙwalwa ya yi aikin da babu abin da zai iya yin sa. A shekarar 2000, Stephen Kosslyn na Jami'ar Harvard da David Spiegel na Stanford sun nuna wa mutum takwas da ke cikin hifnosis wani zane mai launuka da kuma irinsa mai ruwan toka, suka ce musu su ga launi a inda babu shi, ko su ga ya dusashe a inda yake. Sashen ƙwaƙwalwa mai tantance launi ya bi maganar da aka faɗa, ya bar abin da ke gaban ido. Wanda ya fi burge ni shi ne gwajin Amir Raz a birnin Niyok. Idan aka rubuta kalmar "ja" da koren tawada aka ce ka faɗi launin tawadar, dole ka ɗan yi jinkiri, domin wanda ya iya karatu ba ya iya hana kansa karantawa, sai kalmar da launin su yi karo a cikin kansa. Raz ya gaya wa mutanen da hifnosis ke kamawa sosai cewa rubutun da za su gani baƙon rubutu ne da ba su san ma'anarsa ba, kamar yadda rubutun Sinanci yake ga wanda bai taɓa koyonsa ba. Jinkirin ya ragu ƙwarai, a wurin wasunsu ya ɓace, kuma a binciken da ya wallafa a 2005 na'urar MRI mai bin gudun jini ta nuna singulet na gaba, wanda ke tashi duk lokacin da saƙonni biyu suka yi karo, ya lafa. Jinkirin da ake magana a kansa bai kai daƙiƙa guda ba, kuma yana da wuya mutum ya ƙirƙiri irin wannan don ya burge wani.

A Jeneba ta ƙasar Suwizalan, a 2009, an ce wa mutanen da ke cikin hifnosis hannunsu na hagu ya mutu, aka kwatanta su da wasu da aka umarta su yi kamar ya mutu. Hotunan rukunin biyu sun bambanta. A wurin masu hifnosis, sashen motsi ya shirya ɗaga hannun kamar kullum, amma umarnin bai fita ba, kuma sashen ya ƙara haɗuwa da wuraren da ke kula da yadda mutum yake suranta kansa. Na tsaya a kan wannan ne saboda irin marasa lafiyar da ake kaiwa asibiti ƙafa ko hannu ya daina aiki, a yi duk gwaje-gwaje ba a ga rauni ba, sai dangi su rabu biyu, wasu su ce sammu ne, wasu su ce raki ne da neman a kula da shi. Binciken ya nuna akwai hanya ta uku, cewa ƙwaƙwalwa tana iya riƙe gaɓa lafiyayyiya ba tare da mai ita ya yi nufin hakan ba.

Babban bincike a wannan fanni shi ne wanda Spiegel da abokan aikinsa suka fitar a 2016. Sun tantance mutum 545, suka zaɓi 36 da abin ke kamawa sosai da 21 da ba ya kamawa. A wurin rukunin farko kaɗai, lokacin hifnosis, aikin wani ɓangare na singulet na gaba ya ragu, haɗin da ke tsakanin sashen tsara aiki na gaban goshi da insula mai sauraron cikin jiki ya ƙaru, sannan haɗin sashen tsara aikin da wuraren da mutum ke tunanin kansa da kansa ya yi rauni. A taƙaice, mutum ya rage waiwaye, ya ƙara kusanci da jikinsa, ya kuma rage tambayar kansa me yake yi.

To amma a nan ne nake rabuwa da masu ɗaukar waɗannan hotuna suna yawo da su a intanet a matsayin hujjar da ta rufe bakin kowa. Mun saba cewa gani ya kori ji, sai dai launin ja da rawaya da ake gani a hoton ƙwaƙwalwa ba ido ne ya gan su ba, kwamfuta ce ta shafa su bayan dogon lissafi. Na'urar ba ta ganin tunani, iskar oksijin da ke cikin jini take aunawa, wadda ke sauyawa daƙiƙa huɗu zuwa shida bayan jijiyoyin sun yi aikinsu. A 2009 Craig Bennett ya sa mataccen kifi a cikin na'urar MRI, ya nuna masa hotunan mutane, kuma da ya yi lissafin ba tare da gyaran da ya kamata ba, sai ga ɗigo yana haske a kan kifin kamar mai nazari. Da gangan ya yi don ya ja kunnen abokan sana'arsa. Ga kuma ƙarancin mutanen da ake gwadawa, takwas a nan, goma sha biyu a can, kusan dukkansu zaɓaɓɓu daga cikin 'yan tsirarun da abin ke kamawa sosai. Da Raz da ɗalibansa suka tattara binciken hoton ƙwaƙwalwa a kan hifnosis a 2017, abin da suka tarar shi ne sakamakon bai cika dacewa da juna ba, kuma wuri guda ne kawai, a bayan ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa gani, ya riƙa fitowa a kai a kai. Shi dai Raz ɗin ne ya nuna a 2006 cewa jinkirin karatun launi yana raguwa ko da ba a yi wa mutanen shimfiɗar lumshe ido da sassauta jiki ba, muddin an faɗa musu maganar. Har yau masana suna jayayya a kan ko akwai wani keɓantaccen yanayi da ake shiga, ko kuwa maganar ce da shirin mai sauraro suke yin komai. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma ban ga ya rage wa abin daraja ba.

Hujjar amfani da hifnosis a asibiti daga gadon majiyyata ta fito, hotunan bayani kawai suka ƙara. A 2000 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa binciken Elvira Lang a kan majiyyata 241 da aka zura musu bututu ta jijiyar jini ko ta ƙoda suna farke. Waɗanda aka yi wa hifnosis sun nemi ƙarancin maganin kashe ciwo, kuma aikinsu ya ɗauki kimanin minti 61, na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa minti 78. A 2007, a asibitin Mount Sinai na Niyok, Guy Montgomery ya gwada zaman hifnosis na minti 15 kafin tiyatar mama ga mata 200, aka samu raguwar ciwo da tashin zuciya da kasala, asibitin kuma ya rage kashe sama da dala 770 a kan kowace mace, galibi saboda raguwar lokacin ɗakin tiyata. A asibitin jami'ar Liyej ta Beljiyam, tun 1992 Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa hifnosis da allurar kashe wuri da ɗan maganin kwantar da hankali, an kuma yi wa dubban mutane aiki haka, ciki har da tiyatar maƙoƙo. A Ingila, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta amince tun 2008 a gwada shi ga masu ciwon hanjin nan mai murɗa ciki wanda magani ya kasa shawo kansa bayan shekara guda. Game da barin taba sigari kuwa, wanda nan ne masu talla suka fi cin kasuwa, nazarin da aka tattara bai nuna ya fi sauran hanyoyi ba.

Ina ganin makarantun koyon aikin likita da na jinya a Najeriya da Nijar suna da abin ɗauka a nan, domin abu ne da ba ya buƙatar wutar lantarki ko kuɗin waje, kuma muna cikin al'ummar da tiramadol da kodin suka riga suka yi wa illa, har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai ina tsoron a mayar da shi uzurin rashin sayen magani. James Esdaile ya yi tiyata da dama da hanyar Mesmer a Indiya daga 1845, amma da magungunan sa barci suka zo, itar a 1846, kulorofom kuma a 1847, likitoci suka koma gare su da gudu, kuma sun yi daidai, domin magani yana kama kowa, magana kuwa tana zaɓe. A Liyej ma likitan sa barci yana tsaye da kayansa, ko da abin zai ƙi.

Kotu kuwa wani labari ne. A 1976 aka sace motar makaranta da yara 26 da direbansu a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya, aka binne su a cikin wata babbar mota a wurin fasa dutse, suka tono kansu suka fito. Direban, a ƙarƙashin hifnosis, ya tuno kusan dukkan lambar wata motar ɓarayin. Labarin ya bazu, 'yan sandan Amurka suka rungumi hanyar. Amma a 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry, su ma a Montiriyal, sun ɗauki mutum 27 da abin ke kamawa sosai, kowannensu ya zaɓi wani dare na makon da ya wuce wanda ya tabbatar ya yi barci bai farka ba. A cikin hifnosis aka mayar da su daren, aka tambaye su ko sun ji wata ƙara mai ƙarfi da ta tashe su. Bayan sun dawo hayyacinsu, 13 daga cikinsu suka ce lallai an yi ƙarar, kuma wasu sun kafe a kan haka ko bayan an gaya musu cewa mai gwajin ne ya cusa musu. Waɗannan mutane ba maƙaryata ba ne. Abin da ya sa mutum ya ga launi a zane mai ruwan toka shi ne ya sa waɗannan suka tuno ƙarar da ba a yi ba, kuma da za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, iyakar abin da zai iya nunawa shi ne sun gaskata abin da suke faɗa.

Haɗarin ya ninka saboda hifnosis yana ƙara wa mai shaida yaƙini ba tare da ya ƙara masa daidaito ba, alƙali kuwa, kamar kowa, ya fi yarda da wanda ya yi magana ba ya inda-inda. Jihohin Amurka da dama sun taƙaita irin wannan shaida tun shekarun 1980, ko da yake Kotun Ƙoli ta yanke a 1987 cewa ba za a hana wanda ake tuhuma ba da shaidar kare kansa kwata-kwata ba don kawai an yi masa hifnosis. Jihar Teksas, wadda ta daɗe tana amfani da shi, 'yan sandan jihar sun daina a 2021, majalisa kuma ta hana karɓar irin wannan shaida a shari'ar laifi a 2023, bayan an riga an yanke wa mutane hukunci, har da na kisa, a shari'un da aka yi amfani da shi.

Wannan ƙa'ida ta shafi ɗakin mai magani kamar yadda ta shafi ofishin 'yan sanda. Duk wanda ya sa mutum ya lumshe ido, ya kwantar masa da jiki, sannan ya fara tambayarsa wane ne ya yi masa asiri, ko wane ne ya ɗauki kuɗin, ko me kawunsa ya yi masa yana yaro, to yana iya dasa amsar a cikin tambayar, kuma wanda aka tambaya zai tashi yana rantsuwa a kan abin da bai faru ba. Shi ya sa nake ganin idan hukumomin lafiya za su buɗe wa hifnosis ƙofa, su taƙaita shi ga ma'aikatan da suka riga suka cancanci jinyar ciwon ko da babu shi, su rubuta a cikin ƙa'idar aiki cewa an haramta amfani da shi wajen tono abin da aka manta, kuma kotuna su ƙi karɓar duk bayanin da aka samo ta wannan hanya.